Watanni shida na ƙarshe na wani ɗan kwangila: yadda Kawuna ya rufe harkarsa kafin rasuwarsa

A farkon watan Janairun 2024 likita ya zaunar da Kawuna ya gaya masa cewa ciwon dajin da ke hantarsa ya riga ya bazu, ya wuce matakin tiyata. Tushen abin ciwon hanta ne nau'in B, wanda ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Kawu ya tambayi likitan kai tsaye nawa ya rage masa. Likitan ya ce sanin gaibu sai Allah, amma a abin da suka saba gani, lissafin watanni ake yi. Kawu yana da shekara 54 a lokacin. Ya fara da birkila tun yana saurayi, ya zama mai ɗaukar aikin gini da kansa a Kano, kuma ya yi sama da shekara ashirin a haka. Bai taɓa yin ofis ba, bai da abokin tarayya, kuma duk lissafinsa yana tsakanin kansa da wayarsa da wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a mota.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, aikin akanta nake yi. Kwana uku da dawowarsa daga asibiti ya aiko a kira ni bayan sallar isha'i. Ya rufe ƙofar ɗaki, ya miƙo mini littafin, ya ce: "Ɗana, zauna ka raba mini nawa da na mutane."

A gida ba a so wannan zama ba. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, ta ce mugun fata muke yi masa. Ƙannensa sun fi son a sayar da abin da za a sayar a kai shi Masar ko Indiya. Ban ga laifinsu ba, so ne ya kawo. Amma Kawu ya sake komawa wurin likita ya tambaya ko fita waje za ta canza wani abu, aka ce masa a matakin da ciwon yake abin da ya rage shi ne rage raɗaɗi da kula da jiki, kuma ana yin wannan a gida. Daga nan ya tsaya a kan ra'ayinsa. Ya ce kuɗin da ke bankinsa bai san nawa ne nasa a ciki ba, ba zai sayi tikitin jirgi da simintin wani ba. Malamin unguwarsu ne ya kwantar wa Inna hankali, ya karanta mata hadisin Ibnu Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. Ta yi kuka, amma ba ta sake hanawa ba.

Abin da littafin ya nuna

Mun yi dare huɗu muna bin littafin da saƙonnin banki da ke wayarsa. A waje kowa yana ganin Alhaji mai rufin asiri ne: gidan kansa, filaye biyu a wajen gari, motar a-kori-kura, injin kwaɓa siminti, janareta, ƙarafunan hawa gini, da naira miliyan 6.2 a asusun harkarsa. Da muka gama jera abin da ke kansa, sai ya haura miliyan 13.

Masu kaya suna binsa miliyan 4.75: mai rodi a Ƙofar Ruwa, mai katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, mai bulo, da direban tifa da ke kawo masa yashi da tsakuwa. Ma'aikata suna bin ladan mako biyu, naira 380,000. Akwai ragowar kafin alƙalamin wani mai gini da ba a yi aikinsa ba. Akwai bashin uwargidansa. Sannan akwai wani shafi can ƙarshen littafin da aka rubuta "ajiya" a samansa, sunaye bakwai, jimillarsu miliyan 1.3. Kuɗin leburori ne 'yan ci-rani da ba su da asusun banki, suna ba shi ya adana musu har lokacin komawa gida.

Wannan hali ba na Kawu kaɗai ba ne. Ɗan kwangilar da ke aiki shi ɗaya aljihu guda yake da shi. Kafin alƙalamin aikin yau shi ke ƙarasa aikin jiya, na gobe kuma ya toshe ramin na yau. Muddin mutum yana tsaye da ƙafafunsa ayyuka na shigowa, babu mai ganin giɓin, shi kansa ba ya gani. Ranar da ya kwanta ne komai ke fitowa fili. Da na karanta masa jimillar ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Bashi hanji ne, amma nawa ya yi yawa."

Malam ya tsara mana yadda shari'a ke bi da dukiyar mamaci: a fitar da abin da ba nasa ba ne tun farko, a yi masa sutura, a biya bashi, a zartar da wasiyya daga sulusi, abin da ya rage na magada ne. Kawu ya ce to a bi wannan jerin tun yana raye, duk abin da zai iya biya da hannunsa kada a bar wa 'ya'yansa. Ajiyar leburori aka fara da ita. Shida daga cikinsu suna gari, an kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙirga nasa a gaban shaidu biyu ya dangwala hannu. Na bakwai mutumin Damagaram ne, ya tafi gida da damina kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, lambarsa kuma ta daina shiga. Naira 240,000 ɗinsa muka sa a ambulan daban, aka rubuta sunansa da na ƙauyensu, aka damƙa wa Malam.

Ginin mutumin Saudiyya

Ayyuka uku ne a hannunsa. Shagunan wata bazawara sun kusa kammala, foman ɗinsa ya ƙarasa su cikin mako uku, ta biya ragowar naira 800,000, aka wuce wurin.

Wanda ya fi cin rai shi ne gidan wani bawan Allah da ke aiki a Saudiyya. Ya turo jimillar miliyan 18 a 2023, ginin ya kai linta. Kawu ya so mu ƙiyasta da kanmu, na ce a'a, a ɗauko mai ƙiyasin gini wanda ba ruwansa da kowa, don kada a ce mun yi wa kanmu awo. Mutumin ya auna aikin da aka yi ya ce miliyan 11.4, kayan da ke jibge a wurin kuma miliyan 2.1. Ragowar miliyan 4.5 babu su, sun shige wani aikin.

A lissafin akanta maganar ta ƙare a nan: a mayar da miliyan 4.5. Ni ma abin da na rubuta ke nan. Sai Kawu ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani saƙo da ya tura wa mai ginin a watan Oktoba, inda ya ce masa ya turo miliyan 2.6 a sayi siminti buhu 500 a ajiye kafin ya ƙara tsada. Mutumin ya turo, simintin kuma ba a saya ba, kuɗin suna cikin miliyan 4.5 ɗin nan da babu su. A watan Fabrairun 2024, daidai lokacin da muke wannan lissafi, buhun da ake saye ƙasa da naira 6,000 a ƙarshen shekarar da ta gabata ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Idan aka mayar masa da miliyan 2.6 tsabarsu, ko rabin buhunan da kyar za su saya.

Na yi ta ƙoƙarin nuna masa cewa kuɗi ya karɓa, kuɗi zai mayar. Ya ce shi buhu 500 ya ce wa mutumin ya saya masa, kuma mutumin yana can yana kwana da tunanin simintinsa na ɗaki a kulle. Ya kira shi da kansa, ina zaune. Ya gaya masa halin da yake ciki, ya gaya masa abin da ya yi da kuɗin, bai ɓoye komai ba, ya nemi gafara. Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce ya yafe bambancin. Kawu ya yi godiya, amma ya ce yafiyar da aka yi wa mara lafiya cikin kunya ba ya so ya dogara da ita. Muka jira har bayan ƙaramar Sallah da farashin ya ɗan sauko, muka sayi buhu 500 a kan naira 8,000, aka sauke a wurin ginin, aka tura masa hoto. Wannan shawara ta ci wa magada miliyan 1.4. A lokacin na ga kamar ya tsananta wa kansa. Yanzu ina ganin ya fi ni fahimtar abin da ke kansa, domin amanar saye aka ba shi, ba rance ba.

Ƙarasa ginin kuwa, an rubuta sabuwar yarjejeniya tsakanin mai gidan da foman, da sabon farashi, kuma a ciki an bayyana cewa daga ranar da aka sa hannu babu sauran nauyi a kan Kawu ko magadansa. Wannan layi ɗaya ya hana rigima daga baya, lokacin da aka samu saɓani a kan kuɗin dekin.

Aikin da aka yi da takardun wani

Na ukun ajujuwa ne da ya gina wa wata hukumar gwamnati a kan miliyan 24. An gama, an miƙa, amma biyan ƙarshe na miliyan 3.1 bai fito ba, ga kuma kashi 5 cikin ɗari da ake riƙewa har a tabbatar ginin ba shi da matsala, miliyan 1.2. Matsalar ita ce a takarda Kawu ba shi da alaƙa da wannan aiki ko kaɗan. Sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba shi da takardun da ake nema wurin neman kwangilar gwamnati, don haka ya ari kamfanin wani amininsa bisa cewa zai ba shi kaso. Duk kuɗin da zai fito asusun aminin zai shiga. Tsakaninsu babu ko layi ɗaya a rubuce, shekara goma sha biyar suna haka.

Kawu ya ji nauyin ɗaga maganar. Ya ce mutumin ba zai ci haƙƙin marayu ba. Na ce na yarda, amma shi ma mai mutuwa ne, idan ya riga kuɗin fita, magadansa ba su san komai ba sai abin da suka gani a banki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma aminai ne suka fi kowa yin sakaci da ita. Da aminin ya zo dubiya Kawu ya faɗa masa cikin jin kunya, shi kuwa ko gezau, ya ce a kawo takarda. Lauya ya rubuta cewa aikin na Kawu ne, ga adadin da ake bi, ga kason mai kamfani, ga wanda za a miƙa wa ragowar. Mutum biyu suka shaida.

Kyautar da Malam ya hana

A nan ne aka samu ɓacin rai mafi girma, kuma daga cikin gida. Babban ɗan Kawu ya tashi a wurin gini, shi ke tuƙa motar, shi ke kula da injin. Kawu ya ce ya ba shi injin da ƙarafunan hawa da janareta kyauta, ya ci gaba da sana'ar ya riƙe ƙannensa. Malam ya ce hakan ba zai tsaya ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyautar wanda ke cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, kuma magaji ba a yi masa wasiyya sai in sauran magada sun amince. Ga shi uku daga cikin 'ya'yan ba su balaga ba, babu mai ikon yafe rabonsu. Yaron ya ji zafi, ya yi kwana biyu bai shigo ɗakin mahaifinsa ba. Amarya kuma, uwar ƙananan, ta fara zargin ana shirin zagaye 'ya'yanta.

Mafitar da aka samu ita ce ciniki. Aka kira dillalai biyu suka yi wa kayan kuɗi daban-daban, aka ɗauki farashin kasuwa ba rangwame, yaron ya saya da sharaɗin a cire daga rabonsa na gado, abin da ya ɗoru ya biya a hankali cikin shekara ɗaya. Duka matan biyu suna zaune aka karanta takardar.

Bashin uwargida ma sai da aka bi shi da lura. A 2023 ta sayar da sarƙa da awarwaronta na zinare ta ba shi miliyan 2.2 ya ƙarasa ajujuwan nan. Kowa a gidan ya sani, amma Malam ya ce ikirarin bashi da mara lafiya ya yi wa magajinsa abin tuhuma ne a shari'a, alƙali na iya ƙin karɓa, don ana tsoron a fifita wani a ɓoye. Muka nemo rasit ɗin mai zinaren da saƙon banki na ranar da ta tura masa kuɗin, muka haɗa su wuri guda, aka nuna wa amarya da ƙannen Kawu, sannan aka biya ta. Uwargida ta so ta yafe. Kawu ya ce ta karɓa, takaba na gabanta, kuma tumunin da za su raba su biyu ba zai kai ta ko'ina ba.

Don a cike giɓin an sayar da fili ɗaya a kan miliyan 7.5, motar kuma miliyan 4. Masu kaya duk an biya su kafin ƙarshen azumi. Mai rodi ya zo da kansa da nasa littafin, aka samu bambancin naira 150,000 tsakanin rubutunsa da na Kawu, Kawu ya ce a bi nasa. Wasiyyarsa gajeriya ce: wani abu kaɗan ga foman da ya yi masa shekara goma sha takwas, da rijiyar burtsatse a ƙauyensu, duka ƙasa da sulusi nesa ba kusa ba. Ya kuma nace a kai matansa da 'ya'yansa gwajin ciwon hanta, waɗanda ba su da shi a yi musu rigakafi, aka kuwa yi.

Inda muka yi kuskure

Banki ne muka bari har ya makara, kuma laifin nawa ne. Kawu ya ɗauka tunda ya rubuta babban ɗansa a matsayin makusanci a takardar buɗe asusu, yaron zai iya cire kuɗin bayansa. Mutane da yawa suna da wannan zato. Makusanci wanda za a tuntuɓa ne kawai, wannan rubutu bai ba shi ikon taɓa ko kwabo ba. Takardar wakilcin da lauya ya yi mini don in riƙa sa hannu a madadinsa ita ma da ransa take aiki, yana rasuwa ta mutu. Kuma da yake sunan kasuwanci ba kamfani ba ne, a doka shi da harkar abu ɗaya ne, asusun harkar ma nasa ne na kansa. Na san duk wannan. Amma daga tsakiyar watan Mayu jikinsa ya yi tsanani, cikinsa ya kumbura, maganin rage raɗaɗi na sa shi barci, hankalinmu ya koma asibiti. Kuɗin da ya kamata a ware don ragowar ƙananan basussuka da cefanen gida suna zaune a asusun.

Ya rasu a ƙarshen watan Yuni, bayan babbar Sallah da kwanaki kaɗan, Allah Ya jiƙansa. A wurin jana'iza liman ya yi tambayar da aka saba, ko akwai mai binsa bashi. Foman ya miƙe ya ce an biya kowa, wanda aka manta ya nemi wane, ya nuna ni. Mutum biyu suka zo cikin kwana bakwai, mai walda da wani mai gyaran injin, jimillarsu ba ta kai naira 90,000 ba.

Akwai miliyan 2.3 a asusun ranar da ya rasu. Wani daga cikin dangi ya ce kada a sanar da banki, ga wayar ga lambar sirri, a kwashe a hankali. Na ƙi, domin daga lokacin da rai ya fita kuɗin ya zama na magada goma, Inna da mata biyu da 'ya'ya bakwai, kuma duk abin da aka cire ba tare da izinin kotu ba a wuyan wanda ya cire yake. Muka kai takardar shaidar rasuwa, banki ya kulle asusun, muka shiga neman takardar kotu. Wata huɗu muka yi muna kai da komo, a tsakanin nan kawunnan yaran ne suka ɗauki cefanen gidan. Da tun a watan Afrilu, yana cikin hayyacinsa, ya ware kuɗin a gaban shaidu, da iyalin ba su shiga wannan matsi ba a tsakiyar takaba. Sanar da CAC cewa harkar ta tsaya shi ne mafi sauƙi a cikin duka, lauya ya yi shi cikin 'yan kwanaki.

An raba gado a kotun shari'a a watan Nuwamba: Inna sudusi, matan biyu tumuni, ragowar ga 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Gidan an yi masa kuɗi amma ba a sayar ba, suna zaune a ciki. Biyan ƙarshe na ajujuwa ya fito bayan rabon, aminin Kawu ya kawo shi kotu da takardar nan a hannunsa, ya kuma ƙi cire kasonsa. Kashi 5 ɗin da aka riƙe har yau bai fito ba, ni da shi muke bibiya.

Mutumin Damagaram ya bayyana da rani na gaba. Ya je tsohon wurin ginin yana tambayar Alhaji, a nan ya ji labarin rasuwar. Foman ya kawo shi wurin Malam. Bai tambayi kuɗinsa ba, ta'aziyya ya ce ya zo yi. Malam ya shiga ɗaki ya fito da ambulan ɗin, da sunansa a jiki da rubutun Kawu. Ya ƙirga, naira 240,000 cif, ya roƙi a nuna masa maƙabartar, babban ɗan Kawu ya ɗauke shi a babur ya kai shi.